Na ce surukata tana bori, maigida ya ɗauke mini wuta

"Malam, barka da aiki. Ni 'yar Kaltungo ce, a Gombe na tashi, aure ya kawo ni Bauchi. Hausa ba ita ce yaren gidanmu ba, amma da ita na girma. Kashegarin sunan ɗan ƙanin mijina, Hajiya, wato mahaifiyar maigida, ta iso ta tarar an raba naman suna ba a jira ta ba. Ta yi ta faɗa har baƙi suna ji. Da maigida ya kira ni a waya ya ce ya gida, sai na ce masa, 'Hajiya dai na ta bori tun ɗazu.' Kawai ya kashe waya. Yau kwana 3 gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ni kuwa kullum ina jin maƙwabta suna cewa yaro na bori, wata ma na ji ta ce mijinta ya hau bori. Mece ce ainihin ma'anar kalmar nan? Zagi ce? Ko ya ɗauka na ce tana da aljanu ne?"

'Yar'uwa, Allah Ya daidaita tsakaninku. Abin da ya ɗaure miki kai na gane shi: kalma ce da kike ji a bakin kowa ba ta taɓa tayar da ƙura ba, ta fito daga bakinki sau ɗaya ta zama wuta. Ma'anar kam kin kama ta daidai, abin da kika gani a tsakar gidan nan kika faɗa. Wanda kika ɗora wa kalmar ne matsalar. Batun aljanu kuwa ki cire shi daga ranki, da wuya Bahaushen yau ya ji wannan jimla ya kai hankalinsa can. Sai dai ba za ki gane dalilin da ya sa kalmar ke da kaifi ba sai mun leƙa wajen aljanun tukuna, domin daga nan ta ɗauko dafinta.

Asalin abin

Bori tsohuwar al'ada ce ta hulɗa da iskoki, wadda ta riga Musulunci kafuwa a ƙasar Hausa. Wanda iska ta kama da ciwo akan yi masa girka, daga nan ya shiga sahun 'yan bori. Ranar wasa a kafa dandali, masu garaya ko goge su zauna, mata su kifa ƙwarya suna kaɗawa. Kowace iska tana da takenta da kirarinta. In aka taɓa taken, sai ka ga mutum ya fara hamma da miƙa, ido ya juye, can ya yi tsalle ya faɗo da mazaunai, abin da suke kira jifa. An ce iska ta hau shi ke nan, shi ya sa ake kiran namijin doki, macen kuma goɗiya. Daga nan ba shi ke magana ba. In Ɗan Galadima ne ya zo, sai a ga ƙasaita da rabon kuɗi irin na ɗan sarki. In Kuturu ne, yatsu su lanƙwashe, murya ta koma ta hanci. Malam Alhaji tsoho ne mai tari da jan carbi. Sarkin Rafi kuwa shi ne mai haukan, da duka da faɗuwa da tumami. In abin ya kai ƙarshe sai dokin ya yi atishawa, iska ta sauka, ya tashi yana kalle-kalle kamar bai san abin da ya faru ba.

Tun jihadin 1804 malamai suke yaƙar wannan al'ada. Masarautun da muke ciki ma 'ya'yan jihadin ne, Malam Yakubu a nan Bauchi, Buba Yero a Gombe. Bori bai mutu ba, har wani Bature mai suna Tremearne ya samu abin da zai cika littafi a kansa a 1914, amma borin ya yi ta ja baya zuwa gefen gari, kuma wa'azin shekarun 1970 zuwa yau ya ƙara tura shi lungu. Yawancin ɗaliban da nake koya wa Hausa ba su taɓa ganin wasan bori da idonsu ba. Ki lura ma, yau in yarinya ta faɗi a makarantar kwana tana magana da wata murya, ba wanda zai ce tana bori. Cewa ake aljanunta sun tashi, a nemo mai ruƙiyya. A ganina wannan ne ya saki kalmar: tunda an daina buƙatarta a wurin aikinta na asali, sai ta koma gida da kasuwa ta zama abin kwatance.

To me ta ɗauko daga dandali? Ta ɗauko hayaniya da aikin jiki, shi ya sa ake cewa ba a bori da sanyin jiki. Mutumin da ya haɗe rai ya shige ɗaki ba bori yake ba, ko da zuciyarsa na tafasa. Ta ɗauko hawa da sauka, abu ne mai tashi ya lafa. Amma abin da ya fi muhimmanci a maganarki shi ne 'yan kallo. Bori wasa ne na dandali, sai da kiɗa, sai da jama'a. Kuma tun can akwai masu tsayawa a gefe suna taɓe baki, suna cewa wance ba wata iska da ta hau ta, neman kuɗin liƙi ne kawai. Wannan taɓe bakin yana nan daram a cikin kalmar. Duk lokacin da kika ce wani yana bori, kin faɗi abu biyu a numfashi ɗaya: yana cikin fushi, kuma fushin nasa bai kai a ɗauke shi da nauyi ba. Ya wuce dalilinsa, don a gani ake yinsa, a ƙyale shi zai sauko.

Wani abu da ke ba ni sha'awa, ko da yake bai shafi rigimarki kai tsaye ba. A dandali iska ce ke hawa mutum, mutum doki ne. Amma a bakin jama'a mun juya abin, mun ce wane ya hau bori, kamar yadda muke cewa ya hau dokin zuciya ko ya hau dokin naƙi. Wato mun maida shi mahayi, mun ɗora masa alhakin abin. Da ganganci ya hau, in ya ga dama ya sauka.

Wa ake gaya wa, wa ba a gaya wa

Gidan kalmar nan na farko shi ne yaro. Ɗan shekara 2 ko 3, musamman wanda aka yaye ko aka yi wa ƙani, a hana shi wayar babansa, sai ya zube ƙasa yana birgima da shure-shure, ya cire takalmi ya yi jifa da shi, yana kuka yana leƙen ko ana kallonsa. Uwar ta ce, "Rabu da shi, borinsa ne ya tashi." Babu wanda zai ji haushi, domin tsakanin uwa da ɗa an san wanda ke sama. Maƙwabtanki da kike ji gaskiyarsu.

Daga yaro sai tsara. Ƙawa da ƙawa, abokai a majalisa, 'yan aji ɗaya. Sai kuma abokan wasa, kuma a nan ne kalmar ke iya hawa sama ba a ce komai ba. Jika zai tsaya gaban kakarsa ya ce, "Tsohuwar nan yau kuma borin me ake yi?" ta jefe shi da mafici, a yi dariya. Taubasai haka. Bafulatani zai gaya wa Babarbare ko da ya girme shi. Ke kanki, da ƙanin mijinki ne ya yi wannan faɗan kika ce yana bori, da ba abin da zai biyo baya, tunda akwai wasa tsakanin matar wa da ƙanin miji.

Matar da kika ji ta ce mijinta ya hau bori, ki tuna a ina ta faɗa. Na tabbata a cikin mata ne, bayan ya fita, ana 'yar hira. Ba za ta faɗa a gaban 'yan'uwansa ba.

Suruka kuwa ita ce can ƙarshen wancan ɓangaren. Tsakaninku kunya ce, ba wasa ko kaɗan. Wadda ba ki iya kiran sunanta, wadda kike durƙusawa ki gaishe ta, kika ɗauko kalmar da ake gaya wa ɗan yaye kika yafa mata. Kuma a kunnen wa? Ɗanta. Abin da ya ji ba "Hajiya ranta ya ɓaci" ba ne. Ji ya yi kin ce uwarsa na abin yara, ba ta da hujja, neman a kalle ta take yi. Alhali a idonta, kuma wataƙila a idonsa, tana da hujja: jikanta ne aka yanka wa rago, ita ce babba a gidan, raba naman ba da saninta ba kamar an ce ba a san da zamanta ba ne. Kalmarki ta yanke hukunci a shari'ar da ba a kira ki shaida ba.

Na fi shekara 20 ina koyar da Hausa a sakandare, kuma irin wannan tuntuɓen na fi ganinsa wurin yaran da Hausarsu ta fi ta kowa gudu. A Gombe da kudancin Bauchi, Batangale da Bawaje da Batere da Bajare duk da Hausa suke ciniki, da ita suke wasa, wani ma ya fi ɗan Bahaushe zalaƙa. Amma Hausar titi da ta filin ƙwallo Hausar tsara ce, kowa daidai yake da kowa. Abin da ba a samu a can shi ne wace kalma ce ba ta shiga zaure. Wani ɗalibina ya taɓa rubuta insha'i a kan ranar da aka kama su sun tsallake katanga, ya ce, "Da shugaban makaranta ya gan mu sai ya hau bori." Nahawu ba kuskure, rubutu tsaf. Na kira shi na ce ya karanta jimlar da ƙarfi, ya ɗauka shugaban na tsaye a bayansa. Ya kai "sai ya hau" ya tsaya, ya sunkuyar da kai yana murmushi. Kunnensa ya sani, alƙalaminsa ne bai sani ba.

Sauran 'yan gidan

Hausa ba ta da talaucin kalmomin ɓacin rai, kuma kowace da matsayinta. Fushi ita ce mai tsabta, ba ta yabo ba ta suka, ana jingina ta ga kowa har sarki. Ita ce ke cikin hadisi na 16 na Arba'una, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta nanata wa mai neman wasiyya kada ya yi fushi. Faɗa kuwa, in aka ce babba yana faɗa, akwai girmamawa a ciki, domin faɗa haƙƙin na gaba ne a kan na baya. Uba na faɗa, malam na faɗa, Hajiya na faɗa. Da wannan kika ce, da maigida tambayarki zai yi me ya faru.

Masifa da bala'i daga Larabci muka aro su, asalinsu musiba da jarrabawa, muka maida su ruwan faɗa: ta zazzaga masa masifa, yana ta balbalin bala'i. Sun fi bori zafi, amma ki lura, ba su raina mai yi. Masifaffe ana shakkarsa, ana kauce masa. Mai bori dariya ake yi masa a ciki. Shi ya sa wani zai gwammace ki ce masa masifaffe da ki ce yana bori. Tijara ma Larabci ce, can tana nufin kasuwanci, a bakinmu ta koma tsiya a bainar jama'a da nufin kunyata wani, irin ta mai bin bashi da ya tare ka a ƙofar masallaci. Ɓaɓatu da kumfar baki surutu ne mai yawa da ba ya haifar da komai, su ma ba a gaya wa babba.

Akwai kuma wadda ake yawan rikita ta da bori a rubutu, wato bore. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma tafiyar ta yi nisa. Bore bijirewa ce ga mai iko. Malaman da suka baro ƙasar Kano a tsakiyar ƙarni na 19 suka kafu a duwatsun Ningi, suka ƙi bin Bauchi, bore suka yi. Matan Aba da suka tashi a kan haraji a 1929, bore suka yi. Yarinyar da aka yi wa auren dole ta ƙi zama, bore ta yi. In ɗan jarida ya zame ya rubuta borin matan Aba, ya maida gwagwarmayarsu rigimar yara ke nan. Ina ganin wannan kuskuren a Facebook kusan kullum, wani lokaci har ina zargin ba kuskure ba ne.

Sannan ki kiyayi cewa wance 'yar bori ce da nufin mai yawan faɗa. Ɗan bori da 'yar bori suna nan a ma'anarsu ta asali, masu hulɗa da iskoki. Wannan kam a gidan Musulmi ko na Kirista zargi ne babba, ya fi wanda kika yi nesa ba kusa ba.

Borin kunya

Ba zan wuce wannan ba, don shi ne inda kalmar ta fi nuna halinta. Borin kunya shi ne faɗan da mutum ke tayarwa bayan ya gane shi ne da laifi, don hayaniya ta rufe abin. Ɗan'uwansa shi ne karin maganar nan, tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ki tsaya bakin kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti da yamma za ki gani: mai Keke ya bugi mota ta baya, kowa ya ga shi ya buga, amma shi zai riga fitowa yana tada jijiyar wuya, wai me ya sa aka taka birki.

Ni ma na taɓa yi, ba sai na je kasuwa neman misali ba. Wata safiya na nemi makullin babur na rasa, ga shi na makara. Na tara yaran gida na hau su da faɗa, na ce babban ne ya ɗauka, tunda shi ke son taɓa babur ɗin. Yaro na rantsuwa ina ƙara hawa. Ina cikin nuna shi da yatsa sai na ji abu ya yi ƙara a aljihun 'yar-shara ta ciki. Maimakon in yi shiru, sai na ji bakina ya koma kan takalman da aka zubar a ƙofar ɗaki, wai gidan nan ba a san tsari ba. Na fice. Da dare, bayan yara sun kwanta, uwargida ta ajiye mini shayi ta ce, "Malam, ya aka ƙare da borin kunyar safe?" Na yi dariya don ba ni da ta cewa. Amma ki duba sharuɗɗan da ta cika kafin ta faɗa: mu biyu ne kawai, na riga na huce, kuma ni da ita mun san gaskiya ta faɗa. Da a gaban yaran ta faɗa da safe, da labarin ya sha bamban.

Yanzu me za ki yi

Ya danganta da ko maganar ta isa kunnen Hajiya. In a waya kika faɗa, ba kowa kusa, to tsakaninki da maigida ne, kuma a nan ya kamata ta mutu. Kada ki je ki durƙusa gaban Hajiya kina neman gafarar abin da ba ta ji ba, za ki kai mata labarin da ba ta nema ba, ki buɗe sabon shafi. In kuwa a tsakar gida kika ɗaga waya, cikin taron suna, inda facaloli da dangin miji ke shiga da fita, ki ɗauka ta ji, ko za ta ji. A nan sai ki nemi wata babba da Hajiya ke jin nauyinta, goggon maigida ko yayarsa, ta raka ki. Ba a zuwa irin wannan da dogon bayani. Ki gaishe ta, ki ce kin yi suɓutar baki, ta yafe miki.

Wurin maigida kuma, shawarata kada ki fara da "ai ban san ma'anarta ba." Rabin gaskiya ce, kuma zai ji kamar kina kare kanki, tunda ya san Hausarki. Abin da ba ki sani ba nauyinta ne, shi za ki faɗa. Wani abu kamar, "Kalmar da na yi amfani da ita a kan Hajiya ba ta dace da ita ba, na ɗauke ta yadda ake faɗa wa yara, ban auna ba. Ka yi haƙuri." Kada ki haɗa da cewa ai ita ma Hajiya ta wuce gona da iri. Ko da haka ne, ba ranar ba ce. Nan gaba in irin haka ta taso, "Hajiya ranta ya ɓaci" ko "Hajiya na faɗa a kan naman suna" sun isar da saƙo ba tare da kin sa hannu a shari'ar ba.

Iyakata a nan kalma ce, ita na auna. Gidaje sun bambanta, akwai inda uwa da 'ya'yanta har da matansu ke zolayar juna, a yi irin wannan magana a wuce. Kashe wayar da ya yi ya nuna gidan mijinki ba ya cikinsu. In kuma kin ba da haƙuri shirun ya ci gaba, to akwai wani abu a ƙasa da ya girmi kalmar, wannan kuwa aikin manyanku ne.

Abu na ƙarshe, tunda kin ambaci yara. Borin yaro na neman abu ne, yana yi yana satar kallo, in aka ba shi ko aka share shi sai ya lafa. Amma yaron da ke faɗuwa ba tare da an ɓata masa ba, jiki ya sandare ko ya riƙa karkarwa, ido ya kafe, a kira shi bai ji, wani lokaci har da fitsari ko cizon harshe, sannan ya farka a gajiye, wannan kada a kira shi bori, kada kuma a tsaya ana jiran ya sauko. Alamun farfaɗiya ke nan, kuma tana da magani. In ta tashi a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, a kai shi asibiti.